Wa Ke Gwada Manhajojin da Masana Kimiyya Ke Lissafi da Su?

Idan labari ya fara da "wani sabon bincike ya gano cewa", hoton da ke zuwa a ran yawancinmu shi ne na mutum cikin farar riga yana leƙa madubin ƙara girman abu, ko yana tsiyaya wani ruwa a kwalba. Akwai abin da hoton nan ya bari a baya. A yau, tsakanin abin da aka auna a ɗakin gwaje-gwaje da alƙaluman da aka buga a mujalla, kusan ko da yaushe akwai manhajar kwamfuta. Wata layi hamsin ce, wata ta haura layi miliyan. Ita ke tace bayanai, ta zubar da waɗanda ba a so, ta tara, ta raba, ta fitar da lambar da za a kai wa duniya. Kuma sau da yawa masanin ne ya rubuta ta da hannunsa, ko ɗalibinsa. To wa ya gwada ta?

Tambayar ta fito fili lokacin annobar korona. A ranar 16 ga Maris na 2020, ayarin Farfesa Neil Ferguson na Kwalejin Imperial da ke Landan ya fitar da rahoton da ya yi hasashen cewa idan ba a ɗauki wani mataki ba, mutum kusan 510,000 na iya mutuwa a Birtaniya, miliyan 2.2 kuma a Amurka. Mako guda bayan haka Birtaniya ta kulle. Ferguson da kansa ya bayyana cewa manhajar da ta yi lissafin dubban layuka ce da ya rubuta fiye da shekara 13 kafin lokacin, ba tare da rubutaccen bayanin yadda take aiki ba. Da aka saki wani gyararren nau'inta ga jama'a, sai injiniyoyin manhaja suka yi mata ca. Wasu suka ce a kamfaninsu da an sallami wanda ya rubuta ta. Masana kimiyya suka mayar da martani cewa masu sukar ba su san aikin da suke suka ba. Daga baya Stephen Eglen na Jami'ar Kambirij ya sake tafiyar da ita da kansa, ya kuma samu alƙaluman da suka yi daidai da manyan alƙaluman rahoton.

Kowane ɓangare ya tafi yana ganin shi ya yi nasara. Mai sauraro kuwa ya fito da ɗaya daga cikin fahimta biyu, kuma duka biyun gurguwa ne: ko dai kwamfuta ba ta kuskure, ko kuma duk lissafin masana shirme ne.

Me ake nufi da gwada manhaja?

Manhaja jerin umarni ce da mutum ya rubuta wa kwamfuta. Kwamfuta ba ta da hankalin gane abin da kake nufi, abin da ka rubuta kawai take bi. Idan ka sa alamar ɗebewa inda ya kamata ka sa ta tarawa, za ta ɗebe maka sau biliyan ba tare da ta ɗaga kai ba.

Gwaji a nan ba ya nufin ka kunna manhaja ka ga ta tashi. Yana nufin ka rubuta wata ƙaramar manhaja ta biyu wadda aikinta kawai ta yi wa ta farko tambayoyin da ka riga ka san amsarsu, ta kuma yi ƙara idan amsar ta kauce. Akwai gwajin guntu-guntu, inda ake ɗaukar kowane ɗan yanki a jarraba shi shi kaɗai: wannan yankin da ke juya ma'aunin zafi daga Farenhait zuwa Salshiyos, idan na ba shi 212, yana ba ni 100? Akwai gwajin haɗaka, don a ga ko yankunan suna fahimtar juna idan an jona su. Sai kuma wanda nake ganin ya fi kowanne amfani ga mai bincike, wato a adana amsoshin jiya, duk lokacin da aka taɓa manhajar a sake tafiyar da ita a ga ko wani abu ya motsa ba da niyya ba.

Akwai wasu tambayoyi biyu da ake yawan cakuɗawa. Ta farko: shin lissafin da na zaɓa ya dace da yadda duniya take? Ta biyu: shin manhajar da na rubuta tana yin lissafin nan da na zaɓa? Ta farko tambayar kimiyya ce, kuma masana sun ƙware a kanta, a kanta ake musu a taruka da mujallu. Ta biyu ita ce marainiyar.

Ga misali na kusa. A ce wata ɗaliba tana da bayanan zafin rana na shekara goma daga wata tashar auna yanayi, kwana 3,650, kuma matsakaicin zafin na gaskiya digiri 30 ne. Tsohuwar al'ada ce a irin waɗannan bayanai idan na'ura ta lalace a wata rana, a rubuta -999 a gurbin, alamar babu awo. Ɗalibar ba ta sani ba, manhajarta kuma ta ɗauki -999 a matsayin zafi na gaske. Da bayanan wata guda ne, kwana talatin, da rana ɗaya mai -999 ta jawo matsakaicin zuwa ƙasa da sifiri, kuma ko yaro zai ce akwai matsala. Amma a cikin kwana 3,650, idan kwana uku ne kacal suka ɓace, amsar da za ta fito ita ce digiri 29.15. Babu abin da zai ɗaga mata hankali a wannan lamba. Ta yi kama da gaskiya, za ta shiga jadawali, malaminta zai sa hannu. Alhali an yi kuskuren kusan digiri guda, a fagen da masana ke ja-in-ja a kan kashi ɗaya cikin goma na digiri. Gwajin da zai kama wannan bai wuce layi huɗu ba: ba manhajar kwana biyar, ɗaya daga ciki -999, ka ga abin da za ta yi.

Kuskuren da ba ya ihu

Manhajar wayarka idan ta samu matsala takan tsaya cak ko ta rufe kanta, ka yi tsaki, kamfani ya gyara. Manhajar kimiyya idan ta samu matsala takan ci gaba da aiki lafiya lau, ta miƙo maka lamba mai kyan gani.

Labarin Geoffrey Chang shi ne wanda masu wannan harka suka fi ba juna. Matashin masani ne mai tashe a Cibiyar Bincike ta Scripps a Kalifoniya, aikinsa gano siffar furotin, musamman irin waɗanda ke zaune a jikin bangon ƙwayar halitta suna fitar da abubuwa waje, har da magunguna. Sanin siffarsu na da muhimmanci ga fahimtar yadda ƙwayoyin cuta ke bijire wa magani. Daga 2001 ya fara buga siffofin a manyan mujallu. A 2006 wasu masana a Suwizalan suka buga siffar wani furotin ɗan'uwan nasa, sai ga ta ta sha bamban da tasa ƙwarai. Chang ya koma ya bi diddigin aikinsa, ya tarar da cewa wata ƙaramar manhaja da ya gada daga wani ɗakin gwaje-gwaje tana musanya jeri biyu na alƙaluma, abin da ya juya siffar da ake lissafawa. Daga ƙarshen shekarar aka janye maƙalu biyar, uku daga cikinsu a mujallar Science. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. A tsawon shekarun nan biyar, akwai masanan da sakamakonsu ya saɓa wa na Chang, suka sha wahalar buga aikinsu saboda masu tantancewa na ganin ai an riga an san siffar. Su ne ke da gaskiya.

Babu wanda ya zargi Chang da maguɗi. Mutum ne da ya kula da daskararren furotin da yake aunawa don gano siffa, ya kula da na'urorinsa, ya amince da wata 'yar manhaja da ya gada ba tare da sanin tana juya masa alƙaluma ba.

Na biyu ya fi kusa da gadon asibiti. A 2018 mujallar JAMA ta likitocin Amurka ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Jami'ar Johns Hopkins a kan masu ciwon toshewar huhu. An raba marasa lafiya gida biyu, ɗaya ya samu wani shiri na musamman na tallafi bayan sallama daga asibiti, ɗaya ya samu kulawar da aka saba. Sakamakon ya ce shirin ya rage komawa asibiti. Bayan watanni masu binciken da kansu suka gano cewa a wurin shirya bayanai, lokacin da ake canza lambobin rukunan daga 1 da 2 zuwa 0 da 1, an juya su. Waɗanda aka ɗauka sun samu shirin su ne ba su samu ba. Ma'ana shirin ƙara komawa asibiti ya yi. A 2019 aka janye maƙalar aka sake buga ta da sakamakon da ya kifa na farko. Sun cancanci yabo da suka tona kansu, amma tambayar da ke damuna ita ce: da tun farko sakamakon ya nuna shirin na cutarwa, ba za su zauna su bi manhajar layi-layi kafin su aika ba?

Wannan ita ce cutar da ke ƙarƙashin sauran. Mai bincike yana farautar kuskure ne idan amsa ta ba shi mamaki ko ta ɓata masa rai. Idan ta zo yadda yake fata, sai ya rufe kwamfuta ya fara rubuta maƙala. Ke nan kurakuran da ke tsira har su kai ga bugawa ba tsintar kan hanya ba ne, an tace su, kuma waɗanda suka rage su ne masu gaya wa mutum abin da yake son ji.

Na uku ɗan ƙarami ne amma yana da ban tsoro ta wata fuskar. A 2019 masu bincike a Jami'ar Hawayi suna amfani da wasu sanannun manhajoji da aka rubuta da harshen kwamfuta mai suna Python, aka buga a 2014, waɗanda masana sinadarai ke amfani da su wajen tabbatar da siffar sinadarai. Wani ɗalibi ya lura amsar da yake samu ba ta yi daidai da ta abokan aikinsa ba, alhali bayanai ɗaya ne. Da aka tona sai aka ga manhajar ta ɗauka cewa kwamfuta za ta miƙo mata fayiloli a jere bisa tsari, amma wannan ya danganta da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. A wata kwamfutar amsa daidai, a wata kuma a karkace. An ƙiyasta maƙalu fiye da ɗari na iya kasancewa sun yi amfani da ita. Gyaran bai wuce a umarce ta ta jera fayilolin da kanta ba.

Me ya sa ba a gwadawa?

Amsar da ta fi sauƙi ita ce lalaci, kuma ita ce mafi rauni. Mutumin da zai kwana a ɗakin gwaje-gwaje yana jiran awo ba malalaci ba ne.

Da farko dai ba a koya musu ba. Wani bincike da aka buga a 2009, wanda ya tambayi masana kusan 2,000, ya nuna mafi yawansu da kansu suka koyi rubuta manhaja, kuma ƙasa da rabi ne suka ce sun fahimci gwajin manhaja sosai. A 2014 Cibiyar Ɗorewar Manhaja ta Birtaniya ta tambayi masu bincike a manyan jami'o'in ƙasar: kashi 92 cikin ɗari suna amfani da manhajar bincike, kashi 69 sun ce aikinsu ba zai yiwu ba sai da ita, kashi 56 suna rubuta tasu, kuma kusan ɗaya cikin biyar na masu rubutawar bai taɓa samun wani horo a kai ba. Ɗalibin sinadarai ba a barinsa ya taɓa sikeli sai an nuna masa yadda ake daidaita shi da nauyin da aka sani. Shi ɗin dai za a miƙa masa manhajar da ɗalibin da ya kammala shekara shida da suka wuce ya bari, a ce masa, "Tana aiki, kada ka taɓa komai."

Sai lada. A jami'a maƙala ce kuɗin kasuwa, da ita ake samun ƙarin girma da tallafin bincike. Wata biyun da mutum zai kashe yana rubuta gwaje-gwaje wata biyu ne da abokin takararsa ya yi yana buga sabon sakamako. Masu tantance maƙalu kuma, waɗanda galibi kyauta suke yi, suna karanta bayanin hanyar da aka bi ne, da wuya su ga manhajar, balle su tafiyar da ita. Maƙala za ta ce "mun lissafa matsakaici bayan cire ranakun da babu awo", mai tantancewa ya gyaɗa kai. Ko manhajar ta cire su da gaske, wannan tsakanin marubuci ne da kwamfutarsa.

Dalili na uku shi ne wanda injiniyoyin kamfanoni ba su cika ganewa ba, kuma shi ne mai nauyi na gaske. Ana iya kiransa matsalar rashin alƙali. Wanda ya rubuta manhajar banki ya san idan an cire 300 daga 1,000 dole 700 ta rage, don haka gwaji a wurinsa abu ne mai sauƙi. Wanda ya rubuta manhajar da ke kwaikwayon haɗuwar taurari biyu, ko yanayin duniya nan da shekara tamanin, bai san amsar ba. Da ya sani da bai rubuta manhajar ba. Masaniyar kwamfuta Elaine Weyuker ta yi rubutu a kan irin waɗannan manhajoji tun 1982. Idan lamba ta fito baƙuwa, sabon ilimi ne aka gano ko kuskuren rubutu ne? Daga kallon lambar kaɗai ba za ka sani ba.

Abin ya ƙara cakuɗewa saboda kwamfuta ba ta riƙe lambobi masu ɗigo daidai-wa-daida. Ka tambayi yawancin harsunan manhaja 0.1 a tara da 0.2, za su ba ka 0.30000000000000004. Wannan ɗan ɓurɓushi ba komai ba ne shi kaɗai, amma idan ana lissafi biliyoyi, kuma kwamfutoci dubu suna raba aikin, canza jerin da aka bi wajen tarawa kaɗai na iya canza lambobin ƙarshe. Don haka ba za ka ce amsa dole ta zama kaza cif ba, sai dai ka ce kada ta kauce fiye da kaza. Yanke wannan iyaka kuma sai wanda ya san kimiyyar. Wasu manhajojin ma, kamar na yaɗuwar annoba, da gangan ake sa musu canke a ciki, don haka kowace tafiya da amsarta. Wani ɓangare na sukar da aka yi wa manhajar Ferguson daga rashin fahimtar wannan ya taso.

Duk da haka rashin alƙali bai kai uzuri ba, kuma a nan nake rabuwa da masu cewa manhajar kimiyya ba ta gwaduwa. Ba ka san amsar babbar tambaya ba, amma ka san amsar ƙananan. Manhajar taurari, ba ta tauraro ɗaya da duniya ɗaya, lissafin da aka warware da alƙalami tun ƙarni na 17. Manhajar iska da ruwa, duba ko yawan ruwan da aka fara da shi yana nan a ƙarshe, tunda ruwa ba ya ɓacewa haka kawai. Manhajar matsakaici, hautsina jerin bayanan, dole amsa ta zauna inda take. Ka ƙirƙiri bayanan bogi da ka dasa amsa a cikinsu, ka ga ko za ta tono ta. Ka ba ta bayanan da babu komai a cikinsu sai hayaniya, ka ga ko za ta "gano" wani abu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake baƙo ga masanin kimiyya, domin irinsu yake yi wa na'urorinsa kullum. Bai dai saba kallon manhaja a matsayin na'ura ba ne.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Injiniyoyin manhaja na cewa a shigo da ƙa'idojin masana'antu gaba ɗaya: kowane layi da gwajinsa, kowane canji sai wani ya duba. Masana na cewa yawancin abin da suke rubutawa na jarrabawa ne, a rubuta yau a jefar gobe idan tunanin bai yi ba, kuma wanda ya ce a gina wa kowace bukka harsashin bene bai san tafiyar bincike ba. Suna kuma cewa kimiyya na da nata gwajin: wani ayari daban zai rubuta tasa manhajar, idan amsoshi suka saɓa a gano, kamar yadda aka gano na Chang.

Akwai gaskiya a nan, har da shaida. Manyan manhajojin hasashen yanayi, waɗanda masu musun ɗumamar duniya suka fi zargi, suna cikin waɗanda aka fi tsarewa. Steve Easterbrook na Jami'ar Toronto ya zauna da masu rubuta su a hukumar yanayi ta Birtaniya, ya tarar suna da tsauraran hanyoyi nasu: duk canji sai an gwama sabon sakamako da tsoho har zuwa lamba ta ƙarshe, sannan kullum ana gwama hasashe da yanayin da ya auku a zahiri. Wani nazari da shi da Jon Pipitone suka buga a 2012 ya samu ƙarancin kurakurai a manhajojin yanayi da suka duba idan aka kwatanta da wasu sanannun manhajoji na gama-gari. Haka ma manyan rumbunan lissafi da dubban masana ke dogaro da su, irin su NumPy, suna da tarin gwaje-gwaje da ke tafiya da kansu duk lokacin da aka taɓa su. Ramin yana can ƙasa, a 'yan manhajojin da mutum ɗaya ya rubuta, mutum ɗaya ya karanta.

Sai dai hujjar "wani zai gano" tana da rauni biyu. Na farko, jinkiri: na Chang shekara biyar ya ɗauka, kuma don fagen na da masu takara ne. Yawancin maƙalu babu mai sake yin aikinsu har abada. Na biyu, bukkar da aka ce ta kwana ɗaya ce takan zama gidan zama. Les Hatton ya nuna girman abin tun 1994. Ya ɗauki manyan manhajoji tara na kamfanoni daban-daban masu sarrafa bayanan amon da ake aikawa cikin ƙasa don neman man fetur, dukkansu suna aiwatar da lissafi iri ɗaya da aka buga, ya ba su bayanai iri ɗaya. A farkon matakai amsoshinsu sun yi daidai har zuwa lamba ta shida. Kafin a kai ƙarshe, daidaiton ya zube zuwa lamba ɗaya ko biyu. Da aka riƙa nuna wa kamfanonin inda suka bambanta, sai suka riƙa tono kurakurai a manhajojin da aka yi shekaru ana yanke shawarar inda za a haƙa rijiyar mai da su.

Ina ruwan wanda ba masani ba?

A 2010 masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka buga maƙalar da ta ce idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da take samarwa a shekara, matsakaicin bunƙasarta kan faɗi zuwa ƙasa da sifiri kaɗan. 'Yan siyasa a Amurka da Turai suka riƙa kafa hujja da ita wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2012 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, aka ba shi aikin aji ya sake lissafin wata sananniyar maƙala. Ya yi ya yi bai samu amsarsu ba, har ya roƙi shafin lissafinsu na manhajar Excel suka ba shi a 2013. Allura ta tono garma: wurin ɗaukar matsakaici, an ja zaɓin ya tsaya kafin layuka biyar na ƙarshe, ƙasashe biyar suka fita daga lissafin, Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Da shi da malamansa biyu suka gyara wannan da wasu zaɓuɓɓukan lissafi da suka soka, sai bunƙasar da aka ce kashi -0.1 cikin ɗari ce ta koma kashi 2.2. Adalci shi ne a faɗi cewa kuskuren Excel ɗin ɓangare ne kawai na wannan tazara, marubutan sun amsa shi amma sun tsaya a kan cewa yawan bashi na tafiya da raguwar bunƙasa, kuma gwamnatocin da suka tsuke aljihu da ma suna da niyya. Amma shekara uku lambar tana yawo a majalisu babu wanda ya buɗe shafin.

A kaka ta 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta ɓatar da sakamakon mutum 15,841 da aka tabbatar suna da korona, saboda an zuba bayanan a tsohon tsarin Excel da ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Abin da ya haura sai ya zube shiru. Mutanen sun samu sakamakonsu, amma ba a bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da su a kan lokaci ba.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen, na zuzutawa. A 2016 wasu masana uku suka buga nazari a kan manhajojin da ake fassara hoton aikin ƙwaƙwalwa da su. Sun ba su bayanan mutanen da ke kwance ba sa yin komai, inda bai kamata a ga wani bambanci ba sai a kashi 5 cikin ɗari na lokuta, sai wasu hanyoyin suka riƙa ganin bambanci har zuwa kashi 70. A hanya suka ci karo da wani kuskure da ya shekara 15 a ɗaya daga cikin manhajojin. Jaridu suka ɗauka cewa kuskuren manhaja ya rushe bincike 40,000. Ba haka ba ne. Babbar matsalar zaton lissafi ce da aka gina hanyoyin a kai, kuskuren manhajar ƙaramin ɓangare ne, kuma marubutan sun gyara kalamansu, ɗaya daga cikinsu ya ƙiyasta cewa binciken da abin ya fi shafa sun kai wajen 3,500. Abin lura a nan shi ne yadda aka kama matsalar: an ba manhaja tambayar da aka san amsarta. An yi shekaru fiye da ashirin ana wannan fanni kafin a yi hakan da bayanai masu yawa.

Abin da ke motsi

Tun 1998 Greg Wilson ya fara shirin Software Carpentry, mai koya wa masana abubuwan farko na sana'ar cikin kwana biyu. A 2012 aka raɗa wa wata sabuwar sana'a suna a Birtaniya, injiniyan manhajar bincike, mutumin da ya san kimiyya ya kuma san rubuta manhaja, wanda jami'a za ta ɗauka don wannan aikin kaɗai. A 2016 aka kafa mujallar da manhajar kanta ake tantancewa a buga, kuma cikin abin da masu tantancewarta ke dubawa har da ko akwai gwaji. Manyan mujallu da dama yanzu suna neman a bayyana inda za a samu manhajar da aka yi aiki da ita, ko da yake neman a ajiye daban, samun mai buɗewa daban.

Sabon baƙo a fagen shi ne ƙirƙirarriyar basira, wadda yanzu ke rubuta wa masu bincike manhaja cikin daƙiƙoƙi. Tana iya rubuta gwaje-gwajen ma, wanda ya rage wa mai uzurin rashin lokaci hujja. Amma tana ƙara yawan layukan da babu ɗan Adam ɗin da ya karanta su, kuma idan ita ta rubuta manhajar ita ta rubuta gwajin, rashin fahimta ɗaya na iya shiga duka biyun su gaskata juna. Sanin cewa -999 na nufin babu awo a wannan tashar, ko cewa 1 ne rukunin da ya samu magani, har yanzu yana kan wanda ya tattara bayanan.

Wani lokaci kuma gyaran kan zo ta inda ba a zata ba. A 2016 masana a Ostireliya suka duba dubban maƙalun ilimin ƙwayoyin gado, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka haɗo jerin sunaye a Excel na ɗauke da ɓarna iri ɗaya: manhajar na ganin sunan ƙwayar gado kamar SEPT2 ko MARCH1 sai ta mayar da shi kwanan wata, 2 ga Satumba, 1 ga Maris. An yi ta gargaɗi, amma da aka sake dubawa a 2021 adadin ya haura kashi 30 cikin ɗari. Kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna bai jira masana su gyara hali ba. Zuwa 2020 ya canza sunaye 27, MARCH1 ta koma MARCHF1, SEPT1 ta koma SEPTIN1. Sai a 2023 kamfanin Microsoft ya sa maɓallin da mutum zai iya hana Excel wannan canjin.